Wata Ukun da Aka Hana Iya Zare

Kwana uku kacal jikana ya yi a wajen kwas ɗin nan, amma da ya dawo sai ka rantse shekara bakwai ya yi. Ya shigo gidan wankinmu da jaka a hammata, da takardar shaida cikin firam, da wani allo a naɗe kamar tabarma. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya tsaya a tsakiyar shago, ya shaƙi iska, ya ce, "Kaka, warin jiya nake ji a nan."

Na ce, "Warin sabulu ne, maigidana. Shi ya raine ka."

Tun yana ɗan shekara huɗu muke ce masa Na-Sani, domin ko wuta ka ce masa tana ƙuna, kafin ka rufe baki ya ce "na sani", sannan ya sa hannu. Yanzu ya haura talatin, ga gemu, ga tumbi ya fara leƙowa, sunan bai sake shi ba. Ina son abina, ban ɓoye ba. Zuciyarsa fes take. Kunnuwan ne dai na ado.

Gidan wankin ni da marigayi kakansa muka kafa shi, da baho biyu da dutsen guga ɗaya. Yau akwai injin wanki uku da dogon teburin guga. Da gwiwoyina suka ƙi, sai na miƙa masa makulli. Uwarsa, 'yata, ta sa ni alkawari a gabanta: wata uku cur ba zan sa baki ba, ko da na ga ya zuba wanki a butar shayi. Na yi alkawari. Kujerata ta kusa da kantar karɓar kaya kawai na ce ba mai taɓa ta.

Mutum uku ne ke riƙe da aikin. Akwai Kumfa mai kula da injuna, wanda ban taɓa ganin hannunsa a bushe ba. Akwai Baba Mai Guga, wanda ba ya magana sai in zai soki mutum. Sannan akwai Iya Mai Zare.

Shekara talatin da ɗaya Iya tana zaune a kan 'yar kujerar katako a bakin taga, da gwangwanin zare a cinya. Duk kayan da ya shigo sai ya bi ta hannunta. Ta juya bakin riga ta ciki, ta soka allura, ta ƙulla, ta cije zaren, ta jefa a kwando. Kowane gida da nasa launin. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma ko safa ba ta taɓa ba wani ta wani ba. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watsu, kowa da inda yake. Ita ke riga kowa zuwa da safe, ba don aiki ya yi yawa ba, sai don a gida ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana.

Washegari Na-Sani ya tara su. Ya warware allon nan ya kafa a bango, ya rufe mana kalanda. An raba shi gida huɗu, kowane da rubutu ɓaro-ɓaro: Musu, Fushi, Roƙo, Yarda.

Ya ce, "An koya mana, matsalar sauyi ba inji ba ce, mutane ne. Duk ɗan Adam, in ka kawo masa sabon abu, gida huɗun nan zai bi. Ya musa, ya fusata, ya roƙa, ya yarda. Aikina shi ne in rako ku daga nan zuwa can cikin tausayi. Kuma daga yau Darakta za ku riƙa ce mini."

Ya fito da fil masu kan roba, kowane da 'yar takarda mai suna, ya soke su duka a gidan Musu. Har da nawa.

Baba Mai Guga ya ce, "Ɗana, ai ba ka faɗi abin da za a canza ba tukuna. Me muka musa?"

"Kun gani? Yana musun cewa yana musu. Daidai yadda aka koya mana!"

Sai ya faɗi shirin. An daina zare. Kowane kaya za a ba shi lamba, lambar ta shiga kwamfuta. Tsohon zaren da ke jikin kayan mutane kuwa, duk wanda ya dawo wanki za a tsinke shi, kada ya ja mu baya. Iya za ta koma bakin ƙofa, an yi mata sabon muƙami: Jami'ar Murmushi. Ranar da wata uku ya cika, duk wanda fil ɗinsa bai isa gidan Yarda ba, za a yi sallama da shi cikin mutunci.

Iya ta ce, "Ɗan nan, zaren nan fa ba sunan mai kaya kaɗai yake faɗa ba. Akwai kuma..."

Ya karkata kai gefe, ya lumshe ido, ya dafa ƙirji. Haka aka koya musu sauraro. Ya ce, "Iya, na sani. Na ji ki, na fahimce ki, ina jin zafin da kike ji."

"Ai ban faɗa ba tukuna."

"Ba sai kin faɗa ba."

Aka sayo mata kujera mai juyi, aka ajiye a bakin ƙofa. Shi da kansa ya zauna da reza yana tsinke zare daga bakin riguna, yana fito.

Lambar farko ta takarda ce, mai gam a baya. Kumfa ya ɗaga riga ya duba, ya ce, "Darakta, takarda fa ce, kuma ruwa za ta shiga."

"Musu," in ji Na-Sani, ya ƙara danna fil ɗin Kumfa da babban yatsa.

Inji ya juya, inji ya tsaya. Kaya hamsin da wani abu suka fito tas, ba lamba ko ɗaya. Takardun sun narke, sun bi baƙaƙen wanduna sun manne, kamar an yi musu feshin auduga. Kwamfuta ta san lamba goma sha tara ta likitan haƙori ce, abin da ba ta sani ba shi ne wace riga ce goma sha tara.

Da yamma mai askin da ke jikin shagonmu ya leƙo, riƙe da rigunan matashin kai guda goma. Ya ce, "Darakta, tawul na kawo. Yau da rigar matashi na yini ina goge wuyan mutane. Mutum biyu har barci suka yi mini a kujera."

Na-Sani ya ce, "Naƙudar sauyi ke nan. Ba a haihuwa sai da ita."

"To in an haihu a aiko mini da tawul ɗina."

Kayan da aka rasa masu su aka kwashe zuwa ɗakin baya, inda muke ajiye sabulu. Na-Sani ya manna takarda a ƙofar: Sashen Jiran Tantancewa.

Mako na uku ya zo da wani alƙalami mai kauri, ya ce tawadarsa ko da ƙarfin tsiya ba ta fita. A nan kam bai yi ƙarya ba. Ba ta fita, yawo take yi. Fararen rigunan ma'aikatan ƙaramin asibitin bayanmu suka shiga da lamba a wuya, suka fito da shuɗin tabo tun daga ƙeya har gadon baya. A wankin da ya biyo baya kuma, jan biro ya fashe a aljihun rigar wani lauya, ya rina zannuwan gadon otal guda ashirin, suka koma ruwan hoda kamar kumatun jariri.

Kumfa ya buga murfin inji, ya yi ihu har jijiyar wuyansa ta tashi. "Shekara goma sha biyu ina aikin nan ban taɓa rina farin kaya ba! Wane irin hauka ne wannan?"

Fuskar Na-Sani ta washe, baki har kunne. Ya ruga ya zare fil ɗin Kumfa ya matsar gaba. "Jama'a, a tafa wa Kumfa! Ya shiga gida na biyu!"

Shi kaɗai ya tafa.

Babbar nas ta zo da kanta, ta shimfiɗa rigarta a kan kantar karɓar kaya, ta ce, "Ni fursuna ce da za a buga mini lamba a ƙeya?" Ya karkata kai, ya dafa ƙirji, ya ce ya ji ta, ya fahimce ta. Da ta fita tana zage-zage, sai ya ƙara sabon fil a allo, ya rubuta: Masu Kawo Wanki. Su ma ya sa su a gidan Fushi, ya ce suna tafiya da kyau.

Mai kemis na tsallaken titi mutum ne mai jiki, tubarkalla. Rigar sanyinsa ta ulu shekara takwas muna wanke ta lafiya. Wannan karon ta sha ruwan zafi, ta fito daidai jikin 'yar tsana. Wani dattijo kuma da sitaci ke sa shi ƙaiƙayi ya wuce ta ƙofarmu yana susa da hannu biyu kamar mai kiɗa.

Ni ina kujerata, ina cizon harshe har ya yi kanta. Da Na-Sani ya wuce ta gabana na yi tsaki, sai ya matsar da fil ɗina zuwa Fushi, ya ce, "Kaka ma ta motsa."

Na ce, "Da gwiwoyina na motsi da ka ga motsi."

A wata na biyu ya sayo wata 'yar bindiga mai harba lambar roba a jikin tufa. Ya ce wannan ruwa ba ya cinta, ba ta da tawada, an gama. Kuma don a riƙa saurin gani, a tsakiyar baya yake harbawa. Ya kafa doka: ba mai cire lamba sai kaya ya isa hannun mai shi.

Baba Mai Guga ya ajiye dutsen guga, ya haɗa hannu biyu. "Ɗana, don girman Allah, don darajar kakanka da ya ɗauke ni aiki. Roba da zafi ba sa shiri. Ka bari in riƙa cirewa in na zo guga, in mayar."

"Roƙo!" Na-Sani ya yi tsalle. "Baba ya tsallake gida na biyu gaba ɗaya! Wannan ko a kwas ba mu ji irinsa ba."

Rannan da azahar na ga Kumfa da Baba a bayan injuna suna ƙus-ƙus. Kumfa yana da mata da 'ya'ya huɗu, Baba yana da bakwai. Da suka fito, Kumfa ya tsaya gaban Na-Sani ya ce, "Darakta, na yarda." Baba ya ce, "Ni ma na yarda."

Sai da idon Na-Sani ya kawo ruwa. Ya rungume su, ya kai fil biyun gida na huɗu, ya ɗauki allon hoto.

Daga ranar shago ya yi tsit. Ba mai musu, ba mai fushi. Duk abin da ya faɗa, "to, Darakta." Baba ya bi riguna da dutse mai zafi, robar ta narke ta shafe, kowace riga ta fito da tabo mai ƙyalli a baya, lambar kuwa ko mai ita ba zai karanta ba. Kumfa ya kwasa ya kai Sashen Jiran Tantancewa, ya danna ƙofa da kafaɗa, ya ja sakata. Duk wanda ya zo karɓar kaya, a ce masa kwamfuta tana sabunta kanta, ya dawo jibi. Na-Sani ya ce bai taɓa ganin wurin aiki mai zaman lafiya irin wannan ba.

Fil ɗaya ne ya ƙi motsi. Kullum da safe Iya za ta zauna a kujerarta mai juyi, in ya shigo ta ce, "Ina kwana, ɗan nan. Ba zai yi ba." Ba ta ɗaga murya, ba ta marairaice. Shi kuma ya dubi allo ya girgiza kai, kamar likitan da ya ga ciwo ya ƙi magani.

Ina kallonta daga inda nake. Mutane na shigowa da ƙullin kaya, idonta na bin ƙullin har kan kantar, yatsunta na motsi a cinya, suna ƙulla zaren da babu. Wata rana da ya fita na jawo ta kusa, na ce, "Iya, ki ce kin yarda mana. Baki ne kawai. Saura kwana tara. In ya sallame ki, me za ki je ki yi a ɗakin nan?"

Ta ce, "In kalli bango, Yaya. Na sani."

"To?"

"Shekara talatin da ɗaya ban ba kowa kayan da ba nasa ba. Yanzu sai in ba yaron nan maganar da ba tawa ba?"

Na koma kujerata na zagi 'yata a zuci, ita da alkawarinta.

Ranar da wata uku zai cika ta faɗo Litinin. Na-Sani ya yi hayar kujeru ya jera a ƙofar shago, ya kawo lasifika, ya gayyaci duk masu shagunan layin, da uwarsa, da malamin da ya koyar da su kwas ɗin, wani siririn mutum mai tabarau da littafi a hannu. An fito da allon an jingina a kan tebur. A gefe ga agogon bango a naɗe da kyalle mai sheƙi, kyautar sallamar Iya. Sunan jawabin: Yadda Na Sauya Mutane Cikin Kwana Casa'in.

Kwat ɗinsa ma a shagon aka wanke ta, don ya nuna ya amince da tsarinsa. Ya zaro ta daga rataya bisa lamba, ya saka. Hannun ya ɗan rufe masa yatsu, ya ce yayin ke nan.

Ya kama lasifika. "Jama'a, da na karɓi gidan nan, na tarar da mutane masu tsoron gobe. Yau ku dubi allo. Kumfa, ka yarda?"

"Na yarda, Darakta."

"Baba?"

"Har wuya."

Yana cikin bayanin gida na uku sai ga babbar nas da 'yan aikinta biyar, kowace da rigarta a hannu. Ga manajan otal da zannuwa ruwan hoda a kafaɗa. Ga mai kemis ya ɗago 'yar rigar sanyinsa da yatsa biyu. Ga dattijon nan yana susa. Suka tsaya a bayan kujeru, fuska ba annuri.

Na-Sani ko a jikinsa. Ya nuna su da hannu, ya dubi malaminsa. "Malam, ga misali da ransa. Gida na biyu ke nan. Nan da mako uku za su roƙa."

Mai aski ya ce, "Ni tun wancan watan nake roƙo. Tawul ɗina!"

Aka tuntsire da dariya. Kafin ta lafa, lauya ya kutso ta tsakiyar kujeru daga shi sai riga 'yar ciki da nakatayi ɗaure a wuya, yana duba agogo. Ya tsaya, ya ƙare wa Na-Sani kallo daga sama har ƙasa.

"Malam, kwat ɗin nan tawa ce."

"Ba taka ba ce, ranka ya daɗe. Lamba goma sha biyu ce, kwamfuta ta tabbatar."

"Sa hannu a aljihun ciki."

"Na san abin da ke aljihuna."

"Sa hannu."

Ya sa hannu. Ya zaro gidan tabarau, da murfin jan biro, da wani dunƙulen takarda da ya sha wanki ya bushe kamar dutse. Lauya ya karɓi dunƙulen, ya jujjuya shi, ya ce, "Kwana goma sha ɗaya ina neman takardar nan. Ƙarfe goma ina gaban alƙali. Cire."

"A nan?"

"Da wandon."

Manajan otal, Allah ya saka masa, ya miƙo zani ɗaya. Jikana ya ɗaura ruwan hoda a ƙugu, ya tuɓe wando ta ƙasa, lasifika na hammata tana watsa numfashinsa ga duk layin. Uwarsa ta rufe fuska da jaka.

Malamin kwas ya yi gyaran murya, yana son ya ceci ɗalibinsa. Ya ce, "Kuskure ɗaya ba ya rushe tsari. Na ga an rubuta Sashen Jiran Tantancewa a can ciki. Ko za a nuna wa jama'a yadda yake aiki?"

Na-Sani ya buɗe baki, amma Kumfa ya riga shi. "Na yarda," in ji shi, ya wuce ciki. Malam ya bi shi, jama'a suka cika ƙofa suna leƙe. Kumfa ya zare sakata, ya yi tsalle gefe.

Wankin wata biyu da rabi ya fito gaba ɗaya. Riguna, wanduna, labule, zannuwa, tawul, har da rigar wani jariri da yanzu ya isa tafiya. Malam ya nutse, tabarau kaɗai muke gani a saman tulin.

Ana jawo shi, na ga Baba Mai Guga ya ɗauki sabon fil, ya rubuta wani abu a 'yar takarda, ya je ya tsaya jikin allo.

Na-Sani ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan ba matsala ba ce. Tsarin lafiyarsa lau, kayan ne suka yi yawa."

Baba ya soke fil a gida na ɗaya. Mai aski ya karanta da ƙarfi: "Darakta. Musu."

Na-Sani ya juya kan Kumfa, ido jajir. "Kai! Kuna gani abu na lalacewa, me ya hana ku faɗa mini? Munafukai!"

Kumfa ya ce, "Na faɗa, Darakta. Tafi ka yi mini."

Baba ya matsar da fil. Jama'a suka amsa baki ɗaya: "Fushi!"

Ya waiwayo gare ni, zani na zamewa yana kamawa. "Kaka, ki ce wani abu mana."

Na ce, "Uwarka ga ta nan. Wata uku sai la'asar yake cika. Yanzu ko goma ba ta yi ba."

Ya dubi nas, ya dubi mai kemis, ya dubi tulin. Sannan ya dubi bakin ƙofa, inda Iya ke zaune tana ɗan juya kujerarta hagu da dama. Ya tafi a hankali, ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Iya. Don Allah."

"Roƙo!" in ji layin gaba ɗaya. Wannan karon kowa ya tafa.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta, ta fito da gwangwanin zare. Ashe kullum da shi take zuwa. Ta tashi ta tsaya a kan tulin, ta fara ɗagawa.

"Wannan ta likitan haƙori ce, kafaɗar hagu ta goge, nan yake rataya jaka. Wannan labulen na matar mai gyaran rediyo ne, ni na ɗinke ƙonewar nan. Mai aski, ga tawul ɗinka, ƙirga, goma ne, ɗaya mai yagaggen baki. Wannan wandon na ɗan'uwan manaja ne, yana taka bakinsa da dunduniya."

Tana faɗa, tana soka allura, tana ƙulli, tana cizawa, tana miƙawa. Malamin kwas ya gyara tabarau ya matso. "Iya, me ya sa wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu?"

Ta ce, "Launi shi ne gida. Ƙulli ɗaya, ruwan sanyi kawai, irin rigar mai kemis. Biyu, kada sitaci ya taɓa, mai shi na ƙaiƙayi. Uku, fari ne, ba ya shiga da kowa. Baƙin zare a gefe kuwa, a laluba aljihu, mai shi mantuwa gare shi." Ta dubi lauya, wanda ke ɗaura maɓalli. "Kai baƙi biyu nake sa maka."

Malam ya rubuta duka a littafinsa. Ya ɗago ya dubi ɗalibinsa. "Ba ka tambaye ta wannan ba kafin ka cire? Ai darasin ranar farko ke nan. Ka zauna da masu aikin, ka ji abin da suka sani."

Na-Sani ya sunkuyar da kai. "Ranar farko na je sayen firam ɗin takardar shaida."

Kafin azahar tulin ya ƙare. Abin da ya rinu ya rinu, abin da ya ƙanƙance ya ƙanƙance, wannan sai haƙuri da ban baki, kuma ni na yi shi gida-gida da sandata. Na ƙarshe da Iya ta ɗago wata kwat ce mai tabon roba a baya. Ta miƙa wa jikana. "Ga taka. Maɓallin ciki ya kusa tsinkewa, tumbi ke ja. Kawo in ɗinke."

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Iya, ki koma bakin taga. Na yarda."

Baba ya kai fil gida na huɗu.

Ta ce, "Zan koma. Amma a kai mini kujerar nan mai juyi can. Tunda na fara zama a kanta bayana ya daina ciwo. Wannan canjin kam na yarda da shi tun ranar farko, ba ka tambaye ni ba ne."

Agogon sallamar a bangon shago muka rataye shi, saitin tagarta.

Yanzu kullum da hantsi yana jawo 'yar kujerar katakon ya zauna a gefenta da kwamfutarsa, tana faɗa masa launin kowane gida da ma'anar kowane ƙulli, yana shigarwa. In ya ce "na sani", sai ta ɗan taɓa shi da gindin allura. Allon yana nan a bango, fil ɗaya ne kawai a jikinsa.

Shekaranjiya ina zaune, muryarsa ta taso daga shagon mai aski, ta ratso bango. "Ai sabon tsari na shigo da shi, Tsarin Zare Mai Launi. Ko malaminmu sai da ya rubuta ya tafi da shi. Duk abin da kuka gani rannan, da gangan na shirya shi, don mutane su gane darajar..."

Baba Mai Guga ya ajiye dutsen guga. Ya goge hannu a riga, ya taka har gaban allo, ya zare fil ɗin daga gida na huɗu, ya mayar da shi gida na ɗaya. Ya dawo ya ci gaba da guga.

Iya ta cije zare, ta juya kujerarta ta dube ni. "Yaya, a bar shi?"

Na ce, "A bar shi. Ya san hanya."